Matsayin kalmomin ƙidaya a nahawun Ingilishi

Kalmomin ƙidaya na Ingilishi, irin su *one*, *two*, *ten* da *hundred*, suna cikin kalmomin da bakin masana nahawu bai zo ɗaya ba a kan ajinsu. Tsofaffin littattafan makaranta sun sa su cikin sifa. Ƙamusoshi da dama kan ba kowace lamba matsayi biyu, na suna da na sifa, yayin da manyan littattafan nahawu na zamani suka fi kai su rukunin mafayyata, wato kalmomi irin su *the* da *my* masu fayyace abin da suna yake nufi. Gardamar ta fi shafar lambobin adadi, irin su *one* da *ten*. Lambobin jeri kamar *first* da *tenth* yawanci sifofi ake ɗaukar su.

Gadon Latin

Nahawun Ingilishi na farko an ɗora shi ne a kan na Latin, kuma a wurin malaman Latin tambayar ba ta da wani nauyi. Priscian, malamin nahawun Latin wanda ya koyar a Konstantinoful wajen farkon ƙarni na 6, bai ware sifa daga suna ba: duka biyun aji ɗaya ne, lambobi ma a nan suke. Sai daga baya aka raba ajin gida biyu, sannan ya zama dole a nema wa lambobi ɓangare.

Latin ɗin kansa bai sauƙaƙa rabon ba. *Unus*, *duo* da *tres* suna sauya siga don su dace da jinsin abin da ake ƙirgawa, kamar yadda sifa take yi. Daga huɗu zuwa ɗari ba sa motsi ko kaɗan. Jam'in dubu kuwa, *milia*, cikakken suna ne.

Tsohon Ingilishi

Irin wannan rarrabuwa ce ake gani a Ingilishin da aka yi kafin kimanin shekara ta 1100. Ɗaya, biyu da uku suna bin jinsi: biyu tana zuwa da *twegen* ga namiji, *twa* ga mace. Daga *twegen* ne aka sami *twain*, wadda yanzu sai a tsohon rubutu, daga *twa* kuma aka sami *two*. Kalmar ɗaya, wato *an*, ta haifi 'ya'ya biyu: lambar *one*, da kuma *a* ko *an* da ake sawa gaban suna tilo. Wannan dangantaka tana cikin hujjojin masu cewa lamba mafayyaci ce.

Manyan lambobi kuwa sunaye ne tun asali. *Hund*, ɗari, da *þusend*, dubu, suna jan abin da ake ƙirgawa cikin sigar mallaka, kusan yadda Bahaushe yake cewa "dubban mutane" maimakon "mutum dubu". Gomiya irin su ashirin da talatin ma sukan yi haka. Da ƙarshen kalmomi ya zube a Ingilishin Tsakiya, alamar da ke bambanta rukunan biyu ta ɓace, amma burbushinta bai tafi ba. Har yau ba a cewa *hundred men* kurum. Sai an ce *a hundred men*, alhali ba mai cewa *a ten men*.

Kalmomin da aka aro daga baya da rigar suna suka shigo. *Dozen*, goma sha biyu, daga Faransanci take. *Score*, ashirin, ana danganta ta da kalmar tsohon harshen Nos na mutanen arewacin Turai mai nufin tsaga da ake yi a sanda wajen ƙirga. *Million* ta taso daga Italiyanci, kuma ana jin ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. *Zero* ta makara, sai wajen 1600; tushenta Larabci ne, kalmar da ta ba Hausa "sifili". Ko *second* aro ce, domin kafin zuwanta *other* ce take nufin na biyu.

Littattafan makaranta

Zuwa ƙarni na 19 an saba da kiran lambobi "sifofin adadi". Dalilin a fili yake: suna zuwa gaban suna kuma suna ƙarin bayani a kansa. Littattafan J. C. Nesfield, da na Wren da Martin wanda ya fito a 1935, sun yaɗa wannan rabo a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, kuma har yanzu ana koyar da shi.

Hujjojin kowane ɓangare

Raunin ra'ayin sifa shi ne lamba ba ta karɓar abin da sifa take karɓa. Ana cewa *very tall* da *taller*, ba a cewa *very five* ko *fiver* da ma'anar fifiko. Wurinta ma daban ne: a *three old men* lamba ce take gaba, ba a juya jerin.

Ra'ayin suna yana da ƙarfi inda lamba take tsaye ita kaɗai. A *seven is a prime number* sunan lambar ake faɗa. Tana ɗaukar jam'i a *in twos and threes* da *hundreds of people*. Amma da zarar an ce *three hundred people*, alamar jam'in ta faɗi, kuma da wuya a kira kalmar suna kai tsaye.

Jimla irin *I bought three* ita ce ta fi rikitarwa. Wasu sun ce lambar ta koma wakilin suna, wasu sun ce an shafe sunan ne kawai.

Nahawun zamani

Leonard Bloomfield, a littafinsa *Language* na 1933, ya ware mafayyata daga sauran sifofi. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a 1985, sun sa lambobi cikin mafayyatan da ke biyo bayan *the* ko *my*, kamar a *my two sons*. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a 2002, sun ɗauki lambar adadi mafayyaci idan tana ƙirga abu, suna kuma idan ita kanta ake magana a kai.

A manhajojin kwamfuta masu tantance ajin kalma, lambobin adadi galibi alama tasu daban ake ba su, kamar yadda nahawun Hausa ya ware musu sunan ƙirgau.