Jirgin rimot na farko: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan dai su ne kullum, mai yin su ne kawai yake canzawa. Ga amsoshin wuri guda, kowa ya karanta kafin ya sake tambaya.

Wane iri zan saya?

Mai fiffike a saman jiki, na kumfar roba irin EPO, faɗin fiffikensa daga mita 1 zuwa 1.5. Nauyin jikin yana rataye ne a ƙarƙashin fiffiken, kuma bakin fukafukan ya ɗan ɗaga sama, shi ya sa in ya karkata yake neman miƙewa da kansa. AeroScout na HobbyZone da Apprentice na E-flite duk don koyo aka ƙera su. AeroScout ma farfelarsa a bayan fiffike take, in ka doka hanci a ƙasa ba za ta karye ba.

Ni fa Spitfire nake so, wato samfurin jirgin yaƙin nan, ko jet.

A'a. Suna da gudu, kuma da ka rage musu wuta fiye da kima sai su kife. Kafin ka gane me ya faru kana tsintar guntaye. Ka bari sai jirgi na uku.

Ƙarami ba zai fi sauƙi ba?

Ya fi araha, bai fi sauƙi ba. 'Yar iska kaɗan tana wasa da shi, kuma da ya yi nisa ba ka gane ko zuwa yake ko tafiya.

Zan iya barin batir a caji in kwanta?

Haba malam! Batirin LiPo, irin wanda jiragen nan ke amfani da shi, yana kama wuta, ba tatsuniya ba ce. Kowane ɗaki na batirin, wato kowane ƙaramin batir da ke haɗe a cikinsa, cikarsa bolt 4.2, kada ka zuƙe shi har ya sauka ƙasa da 3.3, in kuma za ka ajiye shi kwanaki ka bar shi wajen 3.8. Ka yi caji da caja mai daidaita ɗakunan, kana wurin, nesa da abin da zai ci wuta. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ka ce bari in ƙara gwada shi sau ɗaya. Jiragen koyo da yawa suna amfani da mai ɗaki uku, bolt 11.1, 2200mAh, yana ba ka wajen minti 10 a sama. Sayi biyu ko uku.

In saya mai na'urar daidaita kansa, ko za ta hana ni koyo?

To, wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma masu harkar ma ba su daina musu a kai ba. Na'urar, irin SAFE da ke cikin jiragen da na ambata, tana hana jirgin karkata fiye da wani mizani, kuma in ka saki sandar rimot sai ta miƙar da shi. Akwai ma maɓallin ceto da kake dannawa in kanka ya ɗaure.

In kana da gwani kusa da kai wanda zai haɗa rimot ɗinsa da naka ya karɓi tuƙi in ka rikice, wataƙila ba ka bukatar ta sosai. In kai kaɗai za ka koya, ni dai zan ce ka saya, domin ita za ta sa jirgin ya kai mako na biyu. Amma fa da sharaɗi. In ka saita na'urar a matakin 'yan koyo, kana danne sandar gefe guda jirgin yana kewayawa lafiya, hannunka ya saba da haka. Ranar da ka kashe na'urar ka danne kamar yadda ka saba, jirgin zai ci gaba da mirginawa har ya kifa ciki sama. Wasu sun fi wata shida a haka suna ganin sun iya, alhali na'urar ce ke tuƙi.

Abin da nake ba da shawara, kuma ba dole ya dace da kowa ba: ka tashi ka sauka da ita a kunne, in ka hau sama sosai ka koma matakin tsakiya, inda taimakon na'urar ya ragu, na ɗan lokaci, kana ƙarawa a hankali. Yaushe za ka rabu da ita gaba ɗaya? Ya danganta da yawan fitarka da kuma ko kana atisaye a kwamfuta da manhaja irin RealFlight. Kuma ka sani ba ta ganin bishiya, ba ta ganin turken lantarki, ba ta gyara jirgin da aka sa wa batir a inda bai dace ba.

Zai faɗi?

Zai faɗi. Na kowa ya faɗi, kwantar da hankalinka. Kumfa tana kamuwa da gam, farfela kuma ka ajiye wasu a jaka tun ranar farko.

Me ya sa in ya nufo ni hagu take zama dama?

Domin ya juyo yana fuskantarka. In yana zuwa, ka tura sandar wajen fiffiken da ya yi ƙasa, zai miƙe.

Mene ne RTF da BNF da PNP?

RTF ya zo da rimot. BNF babu rimot, sai ka haɗa jirgin da naka rimot ɗin in sun dace da juna. PNP babu rimot, babu na'urar karɓar sigina, babu batir. Ɗauki RTF, amma duba kwalin, wasu ba sa sa batir da caja.

Na sa batir ya ɗan koma baya, ba komai ko?

Da komai. Ka ɗora jirgin kan yatsu biyu a wurin da littafinsa ya nuna a ƙarƙashin fiffike. Hanci ya ɗan rinjaya ba laifi. Wutsiya ta rinjaya, kada ka tashe shi.

A ina zan tashe shi?

Fili babba, babu mutane, nesa da filin jirgin sama, da sassafe kafin iska ta taso. Tashi da sauka duk ka fuskanci iska. Dokar ƙasarka kuma ka duba ta da kanka: a Amurka jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista, kuma ƙasashe da yawa sun hana wuce tsayin mita 120.