Man birki

Man birki ruwa ne da ke ɗaukar ƙarfin ƙafar direba daga matakin birki, ya bi da shi ta bututu zuwa fistin da ke matse faifai ko gangar taya. Ana kiransa mai, amma galibinsa ba ya da alaƙa da man inji. Duk aikinsa ya dogara ne a kan cewa ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa. Masu haɗa shi suna neman abu biyu da ke karo da juna: kada ya tafasa idan birki ya ɗauki zafi, kuma kada ya yi kauri a tsananin sanyi.

Tarihi

Ana danganta birki mai aiki da ruwa ga Malcolm Loughead, Ba'amurken da ya yi rajistar ƙirarsa wajen 1917 zuwa 1918, wanda daga baya aka mayar da rubutun sunansa Lockheed. Motar Duesenberg Model A ta wajen 1921 ce aka fi ambata a matsayin ƙaramar mota ta farko da ta fito da irin wannan birki a tayoyi huɗu, sannan Chrysler ta biyo baya a 1924.

Man farko haɗin man zurma ne da alkohol irin su butanol. An zaɓi zurma ne saboda ba ta kumbura robar itace da ake yin toshiyar fistin da ita a lokacin. Sai dai alkohol yana saurin tafasa, man zurma kuma yana yin kauri a sanyi, yana zama danƙo idan ya tsufa. Da motoci suka ƙara gudu da nauyi, kuma birki mai faifai ya fara yaɗuwa daga shekarun 1950, zafi ya ƙara kusantar man, sai aka koma ga sinadaran gilaikol. Citroën ta Faransa ta bi wata hanya dabam: a tsakiyar shekarun 1960 ta koma ga koren mai na ma'adinai da ake kira LHM, da robobin da aka ƙera dominsa.

Abin da ake haɗawa

Kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na man yau wani sinadari ne da ake kira gilaikol-ita, shi ke tsara kauri da matakin tafasa. Ana ƙara poligilaikol domin santsi, sai kashi 2 zuwa 5 na masu hana tsatsa da masu hana lalacewa ta iska. Ana gwada man a kan ƙarfe, zubin ƙarfe, ƙarfe mai rufin kuza, alminiyam, tagulla da jan ƙarfe, ana kuma riƙe ma'aunin tsaminsa, wato pH, tsakanin 7 da 11.5.

Gilaikol yana tsotsar danshi ta murfin tanki da jikin tiyon roba. Wannan hali yana da amfani, domin ruwan da ya shiga yana narkewa cikin man gaba ɗaya, ba ya taruwa wuri guda inda zai daskare a digiri 0 ko ya tafasa a digiri 100. Illarsa ita ce matakin tafasa yana sauka a hankali. Domin rage wannan ake zuba borat-esta a nau'o'in man da ake kira DOT 4 da DOT 5.1, sinadarin da ke ɗaure wani ɓangare na ruwan.

Ma'auni

Lambobin DOT sun fito ne daga ƙa'idar FMVSS 116 ta ma'aikatar sufurin Amurka. Ana auna tafasa sau biyu, da sabon mai da kuma wanda ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari. A ma'aunin Salsiyas, mafi ƙarancin da aka yarda:

DOT 3: sabo 205, mai danshi 140.
DOT 4: sabo 230, mai danshi 155.
DOT 5 da DOT 5.1: sabo 260, mai danshi 180.

Lamba ta biyu ce ta fi kusa da abin da ke cikin mota bayan shekara ɗaya ko biyu. Idan man ya tafasa, kamar a doguwar gangara da kaya, direba zai taka birki har ƙasa, motar ba ta tsaya ba, domin ƙarfinsa ya tafi wajen matse kumfar tururi.

Sanyi

Ana auna kauri a digiri 40 ƙasa da sifili. Iyakar kaurin DOT 3 ita ce 1500 a ma'aunin mm²/s, ta DOT 4 1800, ta DOT 5.1 900. Manyan ƙwayoyin sinadari suna jure zafi amma suna yin kauri, ƙanana suna gudana amma suna saurin tafasa, don haka gwanintar mai haɗawa tana wurin daidaita su. Batun ya tsananta bayan fitowar na'urar ABS ta kamfanin Bosch, mai hana taya ƙullewa idan an taka birki, a 1978 da na'urar hana zamewa ta ESP a 1995, domin bawul ɗinsu ƙanana ne, suna buɗewa da rufewa sau da yawa a daƙiƙa guda, kuma mai kauri yana jinkirta su. Aji na 6 a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 4925 ya sauko da iyakar zuwa 750, man wannan aji ake sayarwa da sunan DOT 4 LV. A digiri 100 kuma, ba a yarda kauri ya sauka ƙasa da 1.5 ba.

Silikon

DOT 5 silikon ne, launinsa shunayya. Ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti, shi ya sa sojojin Amurka da masu ajiye tsofaffin motoci ke amfani da shi. Yana riƙe kumfar iska, ba a kuma zuba shi a mota mai ABS. Masu gyara sun saɓa a kan fifikonsa.

Kulawa

Kamfanoni da yawa suna cewa a sauya shi duk shekara biyu, a kuma cire iska daga kowace taya. DOT 3, 4 da 5.1 suna haɗuwa, amma zuba mai ƙaramar lamba yana rage ƙarfin na sama. Ba a haɗa su da DOT 5. Man inji ko na giyar mota, ko kaɗan ne, yana kumbura robobin har birki ya kama ko ya ƙwace, kuma gyaransa sai an sauya kowace roba. Kwalbar da aka buɗe aka ajiye tana shan danshi, musamman da damina.