Koyarwa da labarin kamfani: me ake nufi da ita?

Wanda ya leƙa ajin masu digiri na biyu a fannin kasuwanci, ko kwas ɗin da ake shirya wa manyan manajoji, zai ji ana ta ambaton "kes". Labari ne na wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, an rubuta shi a 'yan shafuka, an haɗa da alƙaluman ciniki da riba. Yakan tsaya daidai inda shugaban kamfanin zai yanke shawara, sai a bar wa ɗalibi sauran.

Daga wajen lauyoyi aka aro salon. A 1870 Christopher Langdell ya fara koyar da shari'a a jami'ar Harvard ta Amurka da hukunce-hukuncen kotu maimakon hadda. Wallace Donham, wanda shi ma lauya ne, ya zama shugaban makarantar kasuwanci ta jami'ar a 1919, ya shigo da wannan hanya. Labarin farko ya fito a 1921, shafi ɗaya tak, a kan wani kamfanin takalma da ma'aikatansa ke ajiye aiki tun kafin lokacin tashi, alhali oda ta yi masa yawa.

A cikin aji ne abin yake da armashi. Ɗalibai kusan 90 suna zaune a jere kamar rabin da'ira, kowa da sunansa a gabansa. Malami ya shigo, ba gargaɗi ya nuna mutum ɗaya: "Da ke ce shugabar kamfanin nan, me za ki yi?" Ta ce a rage farashi. Kafin ta rufe baki wani ya ɗaga hannu, ya ce ribar da ke shafi na ƙarshe ba za ta ɗauki ragin ba. Wata ta ce ai matsalar ma ba ta farashi ba ce, dillalai ne suka juya baya. Haka za a yi ta ja-in-ja har minti 80, malami yana rubutu a allo yana ƙara tsokano su. A Harvard ɗalibi kan yi irin wannan kusan sau 500 cikin shekara biyu, kuma abin da ya faɗa a aji na iya kai rabin makinsa.

A ganina amfanin nan babba ne, domin manaja ba ya taɓa samun cikakken bayani kafin ya yanke hukunci, kuma dole ya kare hukuncin a gaban masu ja da shi. Shi ya sa kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey da Bain suke gwada masu neman aiki da irin wannan tambaya.

Amma akwai gyara. Henry Mintzberg na jami'ar McGill a Kanada ya daɗe yana sukar salon, cewa yana saba wa matasa yanke hukunci kan kamfanin da ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Na yarda da shi sosai. Marubucin labarin ya riga ya tace bayanai, ya ware matsalar. Mai ba da shawara kuwa da kansa zai nemo ta, a cikin takardun da ba su dace da juna ba, da bakin ma'aikatan da ke tsoron faɗin gaskiya a gaban oga.