Rumbun Bayanan Gwaji a Manhajojin Yanar Gizo

Rumbun bayanan gwaji shi ne keɓaɓɓen rumbun da masu rubuta manhaja ke tanada domin gwaje-gwajen da kwamfuta ke gudanarwa da kanta, inda ake zuba bayanan bogi, a sarrafa su, sannan a goge, ba tare da an taɓa rumbun da jama'a ke aiki da shi ba. Wanda ke gina manhajar rajistar ɗalibai a Gusau, ko ta lissafin buhunan shinkafa a wani injin casa a Argungu, yana bukatar wurin da zai shigar da ɗalibai ɗari ya kuma share su cikin daƙiƙa ba tare da fargaba ba.

Manyan tsare-tsaren gina manhaja sun yi wa wannan tanadi. Django kan ƙirƙiri sabon rumbu mai sunan na asali da ƙarin test_ a farkonsa, ya rushe shi idan an kammala, sai fa idan an ba shi umarnin --keepdb. Shi ya sa dole asusun da ke shiga manhajar rumbun bayanai, irin su PostgreSQL, ya kasance da izinin ƙirƙirar rumbu. Ruby on Rails ya ware wa gwaji sashe na kansa a fayil ɗin database.yml, Laravel kuwa yana karanta saitin daga phpunit.xml ko .env.testing.

Babbar muhawarar tana kan irin rumbun da za a zaɓa. Da yawa sukan karkata ga SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, domin ba ya bukatar sabar, wato kwamfuta ko manhajar da ke yi wa wasu hidima, kuma yana iya aiki kacokan a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta. Ga mai aiki da ƙaramar laftof a Birnin Kebbi, yana lissafin cajin batiri da kuɗin data, wannan sauƙi ba abin rainawa ba ne. Sai dai SQLite yana da sassauci fiye da kima. Idan an ƙayyade wa ginshiƙin teburin bayanai haruffa 10, zai karɓi 50 bai ce uffan ba, alhali PostgreSQL zai ƙi. Haka nan ba ya tilasta dokar alaƙa tsakanin tebura sai an kunna ta, ko da yake Django yana kunna ta da kansa. Sakamakon shi ne gwaji ya nuna komai lafiya, manhajar kuma ta faɗi ranar da aka ɗora ta a kan sabar.

Ga masu aiki da Hausa akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓuya, wato ta haruffa masu lanƙwasa. Binciken SQLite yana ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin abu ɗaya ne kawai a haruffan Ingilishi, saboda haka wanda ya rubuta "ƙaura" yana neman Ƙaura Namoda ba zai samu komai ba, alhali a PostgreSQL mai tsarin haruffa na UTF-8 da yankin harshe da ya dace, binciken da ba ya bambance babban harafi da ƙarami zai samo shi. A MySQL kuma, kafin fitowar 8.0 a 2018, tsarin haruffan da ke zuwa a saite shi ne latin1, wanda babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa, har sunan Ɗanjuma yakan koma da alamar tambaya ko a ƙi karɓarsa. Bayanan gwajin da babu irin waɗannan sunaye a cikinsu ba za su taɓa tona wannan ba. Abin da ya fi dacewa shi ne rumbun gwaji ya zo daidai da na aiki a iri, siga da tsarin haruffa, kuma Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, ya sauƙaƙa hakan sosai.

Jinkirin da ake tsoro idan an yi gwaji da rumbu irin na aiki yana da magani. Ana iya kashe fsync, saitin da ke tabbatar da an rubuta bayanai a faifai, a PostgreSQL na gwaji, tunda ba a damu da asarar bayanan ba idan an ɗauke wuta, matakin da haramun ne a rumbun aiki. Ana kuma naɗe kowane gwaji a cikin ƙullin aiki guda da ake warwarewa a ƙarshe, kamar yadda TestCase na Django ke yi, wanda ya fi goge tebura sauri. A MySQL wannan dabara tana bukatar injin ajiyar bayanai na InnoDB, domin na MyISAM ba ya iya warware abin da aka rubuta.

Kwafo bayanan mutane na gaskiya zuwa rumbun gwaji kuwa hanya ce mai haɗari, musamman tun bayan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, don haka ake ƙirƙirar sunaye da lambobin waya na bogi, ko a sauya na gaskiyar ta yadda ba za a gane masu su ba.