Ciwon Gaɓar Muƙamuƙi da Zaman Haƙora: Tambayoyi da Amsoshi

Wace gaɓa ce ake nufi, kuma yaya ciwonta yake?

Idan mutum ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki, zai ji wani ƙashi ya zamo gaba. Nan ne muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai, dama da hagu, kuma ɗaya ba ya motsi sai da ɗayan. Tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana su gogar juna, kuma babban mutum mai lafiya kan buɗe baki milimita 40 zuwa 50, wato kusan faɗin yatsu uku a jere. Ciwon kan zo da zogi a gaban kunne, da gajiyar kumatu lokacin tauna, da ciwon kai, wani lokaci kuma bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Ya fi kama mata, musamman masu shekara 20 zuwa 40.

Ƙarar da gaɓar ke yi alamar cuta ce?

Ƙarar "ƙas" da ake ji wajen hamma yawanci faifan ne ya ɗan goce sannan ya koma mazauninsa. Muddin babu ciwo kuma baki na buɗuwa, ba ta buƙatar magani.

Shin karkacewar haƙora ce ke jawo ciwon?

A nan aka daɗe ana kuskure. A shekarar 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta ciwon kunne da na muƙamuƙi da rashin turame, daga nan kuma likitocin haƙori suka shafe shekaru masu yawa suna ganin cewa da zarar an daidaita yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, ciwon zai gushe. Binciken da ya biyo baya bai goyi bayan wannan ba, domin akwai ɗimbin masu karkatattun haƙora da ba su taɓa jin ciwo ba, akwai kuma masu jerarrun haƙora da ke kwana da shi. Abubuwan da aka fi gani tare da ciwon su ne datse haƙora da rana, da niƙa su cikin barci, da damuwa, da bugu a haɓa, da amosanin gaɓɓai. Shi ya sa taron da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira a 1996 ya ba da shawarar a fara da maganin da za a iya janyewa idan bai yi amfani ba. A ganina, duk wanda aka ce za a kankare masa lafiyayyun haƙora don ciwon gaɓa, ya dace ya nemi ra'ayin wani likitan tukuna, domin fatar haƙori, wato ɓawon nan mai tauri da ya rufe shi, idan ta tafi ba ta tsirowa.

Sai dai akwai togaciya. Idan an yi wa mutum sabon ciko a haƙori ya ji haƙorin nan na riga sauran taɓawa, likita zai sa ya ciji wata siririyar takarda mai launi, ya ga inda ta yi tabo, ya rage tudun. Wannan gyara ne na cikon kawai.

To me likitan haƙori ke yi?

Yakan fara da danna tsokokin tauna da auna buɗewar baki, ya kuma duba ko ruɓewar haƙori ce ke aiko ciwon. Daga nan sai a huta da gaɓar: abinci mai laushi na ɗan lokaci, barin cingam, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, motsa muƙamuƙi a hankali, da maganin rage zogi irin su ibuprofen ga wanda bai da miki a ciki ko ciwon ƙoda. Akan kuma koya wa majiyyaci cewa idan ba ci ko haɗiya yake yi ba, bai kamata haƙoransa su taɓa juna ba, ko da leɓɓa na rufe. Mai niƙa haƙora akan auna bakinsa a yi masa roba mai tauri da zai riƙa sawa da dare. Ya kamata ta rufe dukkan haƙoran jeri ɗaya, a kuma riƙa duba ta, domin wadda ta rufe wasu kawai tana iya sauya zaman haƙora idan an daɗe ana sa ta.

Sa waya a haƙora fa?

Waya, wato siririn ƙarfen da likita ke ɗaurawa a haƙora don ya jera su, na gyara cunkoson haƙora da fitowarsu gaba, wanda hakan ke sauƙaƙa tauna da wanke baki, amma ba a tabbatar da cewa tana warkar da ciwon gaɓa ko tana jawo shi ba.

Yaushe ake kaiwa ga tiyata, kuma yaushe ne bai kamata a jira ba?

Kaɗan ne ke kaiwa nan. Idan baki ya kulle kuma sauran hanyoyi sun gaza, akan wanke cikin gaɓar da allura, sai kuma fiɗa idan hoto ya nuna ƙashin ya lalace. Amma ciwon muƙamuƙi da ya zo da kumburi da zazzaɓi, ko wanda ke tasowa tare da nauyin ƙirji da gumi lokacin tafiya ko aikin ƙarfi, yana buƙatar asibiti nan take, domin na biyun yana iya zama ciwon zuciya.