Hoton laka da ƙaruwar naƙasa a cutar MS

Hoton laka shi ne hoton da ake ɗauka da na'urar MRI domin duba lakar da ke cikin ƙashin baya, a gano tabon da cuta ta bari a jikinta, a kuma auna yadda take ƙanƙancewa. A cutar multiple sclerosis, wadda aka fi sani da MS, garkuwar jiki ce ke afka wa kuben da ya lulluɓe zaruruwan jijiya a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma mata sun ninka maza. Wajen kashi 85 cikin 100 na masu ita suna farawa ne da nau'in da ke tasowa ya lafa, sauran kuwa tun farko jikinsu ke raunana a hankali ba tare da tasowar ba.

Tsawon laka a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 45, faɗinta kuwa santimita ɗaya ne da 'yan kai. Ta wannan ƙuntataccen wuri duk saƙon motsi ke sauka zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara, ta nan kuma saƙon jin taɓi da zafi ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana da sarari, tana iya sauya wa saƙo hanya idan wani sashe ya lalace. Laka kamar gada ɗaya tilo ce a kan kogi, idan ta samu matsala babu ta inda za a zaga.

Tarihi

Tun kafin a raɗa wa cutar suna aka ga tabonta a laka. Robert Carswell, likita ɗan Sikotland, ya zana su a 1838 daga gawarwakin da ya bincika. Jean Cruveilhier na Faransa ma ya yi irin wannan zane wani lokaci tsakanin 1835 da 1842, kuma masana tarihin likitanci sun daɗe suna muhawara kan wanda ya riga wani. Jean-Martin Charcot ne ya haɗa alamomin da ake gani a jikin mai rai da tabon da ake samu bayan mutuwa, a laccocin da ya gabatar a asibitin Salpêtrière da ke Faris a 1868. A 1924 Jean Lhermitte ya yi cikakken bayanin wata alama da har yau ke ɗauke da sunansa: mara lafiya ya sunkuyar da kai, sai ya ji kamar lantarki ya bi ta bayansa zuwa ƙafafu. Tabo ne a lakar wuya ke jawo haka.

Fiye da shekara ɗari likitoci suna sane da cewa laka na cikin wuraren da cutar ta fi ɓarna, amma ba su da hanyar ganinta a jikin mai rai. Daga farkon shekarun 1920 an riƙa zuba wani ruwa mai nauyi a kewayen laka a ɗauki hoto. Wannan yana nuna ƙari ko ƙashin da ya danne ta daga waje, ba ya nuna abin da ke cikinta.

A 1981 Ian Young da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith na Landan suka fitar da hotunan MRI na farko na ƙwaƙwalwar masu MS, waɗanda suka nuna tabo ninkin ba ninkin abin da hoton CT ke iya nunawa. Laka ta ɗan jira. Sai a farkon shekarun 1990, da aka inganta na'urorin karɓar sigina da saurin ɗauka, aka fara samun hotonta daga wuya zuwa ƙugu cikin lokacin da mara lafiya zai iya jurewa.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. Yawan tabon da ake ƙirgawa a ƙwaƙwalwa bai cika dacewa da halin da mutum ke ciki ba: wani hotonsa cike da tabo amma yana tafiya garau, wani tabonsa kaɗan ne amma sai da sanda. Frederik Barkhof, masanin hoto ɗan Holan, yana cikin waɗanda suka fi yin rubutu kan wannan saɓani a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. Wani ɓangare na amsar ya fito daga Queen Square, cibiyar binciken cututtukan jijiya da ke Landan, a 1996, lokacin da Nick Losseff da tawagarsa suka bar ƙirgen tabo suka koma auna kaurin laka a daidai gaɓar wuya ta biyu. Sun gano cewa iya sirantar laka a wurin, iya tsananin naƙasar mutum, kuma alaƙar ta fi duk wadda aka saba samu da ƙirgen tabo ƙarfi. Yawancin binciken da ya biyo baya a kan wannan turba ya tafi.

Ma'aunin naƙasa

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne EDSS, wanda John Kurtzke na Amurka ya fitar a 1983. Yana tashi daga 0 zuwa 10. A mataki na 6 mutum na buƙatar sanda kafin ya yi tafiyar mita 100, a mataki na 7 ya koma keken guragu. Ma'aunin ya karkata sosai ga tafiya, don haka wasu masana ke cewa dole ya yi daidai da hoton laka, tunda laka ce ke riƙe da ƙafafu. Mantuwa da gajiya da raunin tunani ba sa samun kaso mai yawa a cikinsa.

Abin da hoton ke nunawa

Ana ganin tabo a lakar kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na waɗanda cutar ta tabbata a jikinsu, galibi a wuya. Tabon MS gajere ne, bai cika wuce tsawon gaɓoɓin ƙashin baya biyu ba, yana zama a gefe ko ta baya, kuma ba ya cinye fiye da rabin kaurin lakar. Wannan siffa tana taimakawa wajen bambance ta da NMO, wata cutar garkuwar jiki mai afka wa laka da jijiyar gani, wadda tabonta ke miƙewa gaɓa uku ko fiye kuma yana bin tsakiya. Bambancewar na da muhimmanci, domin wasu magungunan MS suna ƙara tsananta NMO. Wani amfanin kuma shi ne tsufa da hawan jini da ciwon ɓarin kai sukan bar fararen ɗigo a hoton ƙwaƙwalwa, amma da wuya su bar irinsu a laka.

Ƙa'idojin McDonald na gano cutar, waɗanda aka fara fitarwa a 2001 aka kuma yi ta gyarawa a 2005 da 2010 da 2017 da 2024, sun sanya laka cikin wuraren da ake neman tabo.

Hasashen abin da zai biyo baya

Bincike daga cibiyoyi daban-daban ya doshi wuri guda. Cikin mutanen da aka ga tabon MS a hoton da aka ɗauke su don wani dalili daban, alhali ba su da wata alama, masu tabo a laka sun fi saurin fara nuna cutar, kamar yadda Darin Okuda da abokan aikinsa suka bayyana a 2011. A Queen Square an bi sawun wasu marasa lafiya tsawon shekara 15 tun daga tasowarsu ta farko, sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna tabon laka a farkon cuta yana hasashen komawa nau'in da ke ci gaba ba lafawa. Likitocin Mayo Clinic a Amurka kuma sun bayyana marasa lafiyar da tabo ɗaya tak, idan ya faɗa a kan hanyar saƙon motsi, ya isa ya riƙa raunana ɓarin jikinsu shekara da shekaru.

Ƙanƙancewa ta fi tabo faɗin gaskiya, domin tana nuna zaruruwan da suka mutu ba za su dawo ba. A masu MS lakar wuya na raguwa da kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, fiye da saurin raguwar ƙwaƙwalwa, kuma abin ya fi muni a nau'in da ke ci gaba. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wanda ya fito a 2022, ya gano cewa waɗanda cutarsu ta juya zuwa nau'in da ke ci gaba daga baya, lakarsu tana raguwa da fiye da kashi 2 a shekara tun shekaru kafin likita ya lura, yayin da ta sauran ke raguwa da ƙasa da kashi 1. Wannan ya zo daidai da fahimtar da ta yi ƙarfi tun wajen 2019, cewa naƙasa mai yawa tana taruwa ne a ɓoye, ba sai cutar ta taso ba.

Wahalar ɗaukar hoto

Laka ba ta tsayawa cik. Ruwan da ke kewaye da ita yana motsi tare da bugun zuciya, ga numfashi, ga haɗiyar miyau, ga ƙashin da ya zagaye ta yana jirkita sigina. Faɗin fuskar lakar wuya milimita murabba'i 70 zuwa 80 ne kawai, saboda haka raguwar kashi 1 ba ta kai milimita murabba'i ɗaya ba, kuma sauya na'ura ko kwanciyar wuyan mara lafiya na iya haifar da kuskuren da ya kai haka. An samar da manhajojin aunawa, irin su Spinal Cord Toolbox da aka ƙirƙira a Montreal ta Kanada, don rage bambancin da hannun mutum ke kawowa. Lakar ƙirji ta fi ta wuya wahalar ɗauka, binciken da aka yi a kanta ma kaɗan ne.

Amfani a asibiti a yau

Shawarar haɗin gwiwa da ƙungiyoyin masana na Turai da Arewacin Amurka suka fitar a 2021 ta ce a ɗauki hoton laka lokacin gano cutar, amma ba ta wajabta maimaita shi a kai a kai ba, sai ga wanda alamominsa na laka ne ko wanda naƙasarsa ke ƙaruwa ba tare da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna dalili ba. Wasu likitoci na ganin hakan yana sa a rasa sababbin tabon da ba sa nuna alama, wasu na cewa lokaci da kuɗin da ake kashewa sun fi ribar. Auna ƙanƙancewar laka har yanzu aikin masu bincike ne, bai shiga duba marasa lafiya na yau da kullum ba.