Jiragen yaƙi masu layar zana

Jiragen yaƙi masu layar zana su ne waɗanda aka ƙera don kada na'urar rada ta hango su da wuri, a harkar soja ana kiransu jiragen zamani na biyar. Siffar jikinsu da fentin da ake shafa musu ne ke karkatar da siginar rada ko su shanye ta, kuma bama-bamai da makamai masu linzami a cikin cikinsu ake ɓoyewa, ba a rataye su ƙarƙashin fiffike. Ƙasashe uku kacal ne suka ƙera irinsu har suka shiga aiki, wato Amurka da China da Rasha.

A jiragen zamani na biyar, Amurka ce ta fara da F-22 na kamfanin Lockheed Martin a 2005, sai dai tsadarsa ta sa aka tsayar da ƙera shi a 2011 ba a ma kai 200 ba, kuma majalisar dokokin ƙasar ta hana a sayar da shi ga kowa, ko da aminai ne. F-35 na Amurka ne ya cika duniya, an ƙera sama da 1,000, Birtaniya da Japan da Italiya da Koriya ta Kudu duk suna da shi, Isra'ila ce ta fara kai hari da shi a 2018. Kala uku ne, akwai wanda yake sauka a tsaye cak ba ya buƙatar doguwar hanya. Amma fa sayensa siyasa ce, Turkiyya tana cikin masu haɗa kayansa amma aka fitar da ita a 2019 saboda ta sayi S-400, makamin kakkaɓo jiragen sama, daga Rasha.

China ta fara tashi da J-20 a 2011, ya shiga aiki a 2017, babban jirgi ne mai cin dogon zango wanda ya dace da faɗin tekun Fasifik, kuma ba ta sayar wa kowa. Su-57 na Rasha gwani ne wajen juyi a sama, amma kaɗan aka ƙera.

Gaskiya mutane na yawan kwatanta gudu da juyi, alhali yaƙin sama na yanzu wanda ya fara ganin wani shi ke harbi, sau da yawa matuƙan ma ba sa ganin juna da ido. A watan Mayun 2025 Pakistan ta ce jiragenta J-10C ƙirar China ɗauke da makami mai linzami PL-15 sun kakkaɓo jiragen Indiya har da Rafale na Faransa, Indiya ta amince ta yi asara amma ba ta faɗi adadi ba, kuma duk cikinsu babu mai layar zana. Layar ma ba ta hana komai ɗari bisa ɗari, a 1999 sojojin Sabiya sun harbo F-117 na Amurka, wani jirgin kai hari mai layar zana da ya riga F-22 fitowa, da tsohon makami ƙirar Sobiyet.

Inda Amurka ta yi wa kowa fintinkau shi ne abin da ke bayan jirgin, jiragen da ke zuba wa wasu mai a sararin sama, da masu ɗauke da babbar rada, da sansanoni a nahiyoyi daban-daban. China na matsowa da sauri sosai musamman a yankin Taiwan. A Maris 2025 Amurka ta ba kamfanin Boeing kwangilar F-47 na zamani na shida, Birtaniya da Italiya da Japan kuma sun haɗa kai kan nasu da suke sa ran ya fara aiki a 2035.